Fairuz na Naishabur, na Amurka ko na Sin: wanne ya dace ka saka a zobe?

Satin da ya wuce ƙanina ya turo min hoton zobba uku a waya, wai Yaya zaɓar min ɗaya, duk ukun an ce masa fairuz ne, ɗaya na Iran ɗaya na Amurka, na ukun kuma mai shagon cewa yayi kawai "orijina ne Alhaji ka ɗauka ba zaka yi nadama ba", kuma abinda ya ja hankalinsa wai an ce masa dutsen yana maganin mugun ido yana jawo arziki yana kuma gyara gani. Na kira shi mukayi kusan awa ɗaya a waya har katina ya ƙare, shine nace bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, don ni an taɓa cin kuɗina a harkar nan kuma haushin ne yasa na zauna na koyi dutsen.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya sani, fairuz ba irin lu'ulu'un nan bane mai ƙyalli da haske ke ratsawa. Dutse ne mai laushi-laushi da yake samuwa a busassun wurare inda ruwa ya daɗe yana tsiyaya ta cikin duwatsu masu jan ƙarfe, jan ƙarfen shine yake bashi shuɗin nan, in kuma baƙin ƙarfe ya shiga ciki da yawa sai kaga ya karkata zuwa kore. A ma'aunin taurin duwatsu da ake ƙirgawa daga 1 zuwa 10 yana tsakanin 5 da 6 ne, kusan gilashin taga kenan, yashi kuma yana 7, toh kaga ƙurar hunturun nan tamu kaɗai in kana goge ta da bakin riga a hankali tana dushe masa fuska. Sannan jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne da ido baya gani, yana shan mai yana shan zufa yana shan turare da sabulu kamar bulo. Riƙe wannan maganar da kyau don kusan duk abinda zan faɗa a ƙasa, har da labaran asirin da ake jingina masa, daga nan suka fito.

Ni nawa na siya ne a wani shago a Madina shekarar da naje Umara, zobe na azurfa da dutse shuɗi fes da zanen baƙaƙen jijiyoyi, kyau kam ba'a magana, mai shagon har da rantsuwa wai Naishaburi ne, wato na garin Naishabur na Iran. Ban yi wata biyu da dawowa ba sai uwargida tana goge jan farce ruwan gogewar ya ɗiga a kai, na sa auduga na share, wallahi audugar ce ta koma shuɗiya dutsen kuma ya fito fari tas a wurin. Farin dutse ne aka rina. Laifina ne ma, wa ya ce in sayi abin da ake aunawa da karat a farashin hula.

Bari in fara da na Naishabur tunda shine sarkin. Garin yana gabashin Iran a yankin Khurasan, kuma duk ɗalibin hadisi ya san sunan, garin Imamu Muslim ne. Ma'adinin yana cikin tsaunuka wajen kilomita 50 daga garin, kusa da wani ƙauye da sunansa ma Ma'adan, kuma an fi shekara 1000 nesa ba kusa ba ana haƙa a wurin har yau ba'a daina ba. Yawancin yankan dutsen da gogewa da cinikinsa a Mashhad, babban birnin yankin, akeyi. Sunan ma daga can ya fito, firuze ko piruze a Farisanci, daga kalmar nasara, Larabawa suka ce fairuzaj ko fairuz, mu kuma muka karɓa a bakinsu. Turawa kuwa sunan da suka bashi ma'anarsa dutsen Turkiyya, alhali ba'a Turkiyya ake haƙo shi ba, ta hannun fatakensu ne kawai yake shiga Turai.

In ka shiga ciniki da 'yan Iran zaka ji kalma biyu, Ajami da Shajari. Ajami shine sumul ɗin nan mara zane, shuɗi ɗaya kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa, shine mafi tsada a wurinsu, musamman in yayi tudu kamar rabin ƙwai kuma ba tabo ko ɗaya. Shajari kuma daga shajara, bishiya, shine mai jijiyoyi baƙi ko ruwan ƙasa da suka ratsa shi kamar rassa, wato ragowar uwar dutsen da ya fito a ciki ce. Ni a raina Shajari mai kyau ya fi burgeni, yana da fuska tasa da ba zaka samu irinta sak ba, amma kasuwa ba ruwanta da son raina, Ajami ne kuɗi. Alherin na Naishabur mai daraja shine ya fi matsewa da tauri, yana ɗaukar gogewa yayi sheƙi ba tare da an ɗura masa komai ba, kuma yana daɗewa bai canza ba. Matsalarsa biyu, tsada, sai kuma sunan da kowa ke ara, inaga in za'a tara duk abinda ake sayarwa da sunan Naishaburi a kasuwannin duniya da tsaunin ya ƙare tuntuni. Ko a Iran ɗin ma akwai na Kerman, kuma akwai na Naishabur ɗin mai rauni da yake kodewa, so jin an ce "na Iran ne" ba shine ƙarshen tambaya ba.

Yanzu maganar asiri da magani, tunda itace ta ja ƙanina. A Farisa tun da can ana ɗaukarsa dutsen nasara da kariya, ana sa wa yara saboda ido, ana manna shi a linzamin doki da ƙotar takobi, har akwai masu cewa wanda yaga sabon wata sannan ya kalli fairuz zai ga alheri a watan. Tsoffin littattafan likitanci da na duwatsu na Larabawa da Farisawa sun ambace shi a cikin kwalli don ƙarfafa gani, sun ambace shi a maganin harbin kunama da guba. A wajen 'yan Shi'a akwai ruwaya sananniya da ake jinginawa Imam Ja'afar Sadiƙ cewa hannun da ke sanye da fairuz baya talauci, shi yasa zaka ganshi sosai a yatsun mutanen Iran da Iraƙi da masu zuwa ziyara can. Malaman hadisi na Sunna kuwa basu inganta ruwayoyin falalar duwatsun zobe ba, har na aƙiƙ ɗin ma da ya fi yawo sun yi magana a kansu, abinda ya tabbata a wajensu shine zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, kuma a Sahihu Muslim akwai ruwayar Anas cewa dutsensa na Habasha ne. Wannan ɓangaren kowa ya koma wajen malaminsa, ni ba fatawa nazo bayarwa ba, amma kar ka bari mai shago ya zama shine malamin naka, shi burinsa ka zaro kuɗi.

Labarin da ya fi yawo a duniya kuma har Turawa suka yarda dashi ƙarni da ƙarni shine wai fairuz yana jin jikin mai shi, in zakayi ciwo sai ya kode, in ka warke ya dawo, in hatsari ya nufo ka sai ya tsage ya ɗauke maka. Akwai wani likitan fadar sarki Rudolf na biyu a Prague, Anselmus de Boodt, da ya rubuta a 1609 cewa mahaifinsa ya sayi wani kodadden fairuz da arha ya bashi, yana fara sawa ba'a jima ba launin ya dawo, daga baya kuma dokinsa ya faɗi dashi a hanya ya tashi lafiya lau amma ya tarar dutsen ya tsage. Labari mai daɗi, kuma ni ban ce ƙarya yayi ba. Amma ka tuna bulon nan da na faɗa. Dutsen da ya bushe a akwati shekaru in ya samu man fata dole launinsa ya ƙara duhu, wanda kuma kullum yana shan basilin da sabulu da turare a hankali zai koma kore-kore ko ya dushe, zafin wuta ko rana mai tsanani ma na canza shi don akwai ruwa a cikin halittarsa. Dutse mai taurin gilashi kuma in ka faɗo daga doki ka dafa ƙasa me zai hana ya tsage. Na sha ganin mutum hankalinsa ya tashi wai zobensa ya canza kala an masa sammu, alhali mutumin nan turaren mai yake shafawa a tafin hannu kullum safe da yamma.

Batun waraka kai tsaye, binciken likitanci bai nuna sa fairuz yana warkar da ciwon ido ko hawan jini ko olsa ko wani ciwo ba. Masu tallar duwatsu na zamani sun ƙara nasu a kai, wai yana buɗe maƙogwaro yana sa iya magana yana kwantar da zuciya, toh in kallon shuɗin yana sanyaya maka rai wannan ba wanda zai musa maka, launi ne mai daɗin kallo. Abinda zan roƙa dan Allah kar a daka shi a sha ko a zuba a kwalli, ko na gasken ne akwai jan ƙarfe da alminiyom a ciki, balle na kasuwa da yawancinsa roba ce da rini.

Na Amurka labarinsa daban ne. Yana fitowa daga jihohin hamadarsu, Arizona da Nevada da New Mexico, kuma su can sunan ramin da aka haƙo shi ake saye, ba sunan ƙasa ba. Sleeping Beauty da ke kusa da garin Globe a Arizona shine wanda yafi kama da Ajami, shuɗi sumul ba zane, har ana rikita su, an daina haƙo fairuz a wurin a 2012 aka koma kan jan ƙarfe, tun daga nan farashinsa ya haura sama kuma na jabu da sunansa suka cika intanet. Kingman shima a Arizona yana nan ana haƙa, shine zaka fi samu, daga shuɗi mai ƙarfi har kore. Sai na Nevada irin su Lander Blue masu zane kamar saƙar gizo-gizo, waɗannan kam na masu tara kayan tarihi ne, in wani ya ce maka gashi a shagon unguwa kayi dariya ka wuce. Abin lura, abinda ɗan Mashhad yake gani a matsayin ragi wato zane, ɗan Arizona shi yake ƙarawa kuɗi in zanen ya tsaru. Mutanen asali na can, Navajo da Zuni da Hopi, dutsen yana da girma a addininsu da al'adarsu tun kafin Turawa suje, suna haɗa shi da sama da ruwan sama, Apache kuma ana cewa suna ɗaura shi a baka don kibiya ta samu saiti. Haɗa shi da azurfa da aka sansu dashi yanzu bai kai haka daɗewa ba, a ƙarshen ƙarni na 19 ya fara. In tsarin zobe mai faɗi mai aikin azurfa kake so nasu ba'a magana, sai dai kuɗin ba na dutsen kaɗai bane, har da na sunan maƙerin da na dala.

Sai na Sin, wanda a gaskiya shine yafi yawa a kasuwar duniya, akasari daga lardin Hubei. Nan mutane suke kuskure, da an ce na Sin sai a yamutsa fuska a ce jabu. A'a, Hubei tana da fairuz na gaske kuma mai darajarsa yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na ko'ina, su kansu masu kuɗin Sin suna sayensa da tsada, mutanen Tibet kuma da suke ɗaukarsa kamar dutsen rai suna sawa a wuya da gashi sun daɗe suna amfani da irinsa. Abinda yake faruwa shine yawancin abinda ake haƙowa, a Sin ko a Amurka duk ɗaya, yana fitowa ne da taushi kamar alli, ba zai goge ba kuma zai farfashe, sai a busar dashi a ɗura masa ruwan roba mara kala da ƙarfin matsi ya cike ƙofofin, ya taurare launin ya fito. Dillalai suna ce masa sitabilaiz. Fairuz ne na gaske amma an taimake shi, kuma ba laifi bane matuƙar an faɗa maka an kuma rage maka kuɗi.

Kuma ga inda ni na saɓa da masu cewa sai dai tsantsa ko ba komai. Mutumin da yake alwala sau biyar, yana wanke hannu da sabulu, yana cin tuwo da miyar manja, yana hawa babur cikin ƙura, wallahi wanda aka ɗura wa robar nan ya fi masa sauƙin riƙo, baya shan mai baya canza kala da wuri baya tsagewa da ƙaramin bugu. Tsantsan kuwa sai ka zama mai cirewa da mayarwa, kuma zoben da ake cirewa a bakin famfon masallaci kowa ya san ƙarshensa. Abin dariyar shine in don asirin canza kala kake nema, mai robar ba zai taɓa yi maka wannan "gargaɗin" ba tunda an toshe masa baki.

Na Masar ba zan daɗe ba don da wuya ka gamu dashi. Daga Sina'i yake, Wadi Maghara da Serabit el-Khadim, fir'aunoni suna haƙa tun wajen shekara 5000 da suka wuce, yana cikin duwatsun da aka manna a fuskar zinaren fir'auna Tutankhamun, har yau Misrawa suna yi wa Sina'i kirari da ƙasar fairuz. Amma ramukan sun tsufa, abinda ke fita kaɗan ne kuma ya fi karkata zuwa kore, in mai shago ya cika maka tire da "na Sina'i" ka tambaye shi a ina ya samo.

Jabun kala-kala ne. Akwai haulait da magnesait, fararen duwatsu masu jijiyoyi da ake rinawa, irin wanda aka sayar min kenan, jijiyoyin nasu na halitta ne shi yasa suke ruɗar ido. Akwai wanda ake niƙa ɓurɓushin fairuz a kwaɓa da gam a yanka, akwai roba zalla da aka zana wa layuka, akwai gilashi, akwai kuma na ƙira da wani kamfanin Faransa mai suna Gilson ya fara fitarwa a 1972. Sannan wanda ake tallatawa da sunan fairuz ɗin Afirka, kar kishin nahiya ya ɗebe ka, ba fairuz bane sam, wani dutse ne daban mai kore da ɗigo-ɗigo aka laƙaba masa sunan. In carbi ne ko sarƙa leƙa cikin hudar, in cikin fari ne wajen shuɗi an gama magana. Ruwan goge jan farce a auduga ka taɓa bayan dutsen, in ya bar kala rini ne. Allura mai zafi tana narka roba har kaji warin, amma tana ɓata dutse kuma mai shago ba zai yarda ba. Carbi mai ƙwaya 99 duk kala ɗaya sak zane ɗaya sak kuma da arha, wannan basai ka gwada ba. Gwajin gida dai yana kama ƙaramin ɓarawo ne kawai, in kuɗin masu nauyi ne ka nemi takardar ɗakin gwajin duwatsu da ta faɗi ko an ɗura masa wani abu, kuma ka sa mai shagon ya rubuta a rasit abinda ya faɗa da baki, anan zakaga wasu sun fara kame-kame.

Wani zai ce to me zai hana aƙiƙ kawai. Gaskiya in juriya ake magana aƙiƙ ya fi, taurinsa ya kai kusan 7, ba ruwansa da sabulu ko turare, kuma na gaskensa baya tsada sosai, shi yasa zakaga dattijo da zoben aƙiƙ shekara talatin yana nan yadda yake. Amma bashi da wannan shuɗin, kuma wanda idonsa ya riga ya faɗa kan fairuz ba aƙiƙ zai gamsar dashi ba, ni shaida ne.

Toh ga yadda na raba wa ƙanina. In kana da kuɗi, kana son abin ajiyewa na Juma'a da sallah da ɗaurin aure wanda zaka iya barwa ɗanka, nemi na Naishabur tsantsa, ƙarami mai kyau ya fi ƙato mai shakka, ta hannun wanda ya san Mashhad ba ta hoto a waya ba, a sa shi a azurfa mai baki da ya rungume gefen dutsen don kar ya ɓantare, turare kafin zobe, zobe a ƙarshe. In na sawa kullum ne ka ɗauki Kingman ko Hubei da aka ɗura wa roba ka biya kuɗinsa daidai ba kuɗin Ajami ba. In kwalliyar biki ce ta kwana biyu rinannen ma ba haramun bane, amma a saye shi da sunansa da farashinsa. In kuma don idon da yake ce min yana masa hazo-hazo ne da daddare, nace masa kuɗin zoben ya kai kuɗin ganin likitan ido har da gilashi, yaje can tukuna.

A cikin ukun da ya turo, na "orijina kawai" tun a hoto layukan sun yi kama da an ja su da biro, na Iran ɗin kuma mai shagon ya ƙi rubuta Naishabur a rasit yace ai amana ce tsakaninsu, sai na Amurkan ne mutumin ya fito fili yace Kingman ne kuma an ɗura masa roba. Shi ya ɗauka, jiya ma ya turo min hotonsa a yatsa yana tambaya ko zai iya wanke mota dashi, nace masa cire dai.